Kuɗin matafiyi: abin da teburin canji ya koya mini

Na daɗe ina aiki ƙarƙashin maigidana a harkar canji a Ikeja, kusa da Allen Avenue. Galibin masu zuwa wurinmu mutanenmu ne na Agege, Idi-Araba da Alaba Rago: 'yan kasuwa masu zuwa saro kaya Dubai ko Guangzhou, sai masu tafiya Umara. Da mutum ya zauna sai ya ce, "Malam, nawa dala yau?" Kaɗan ne ke tambayar sau nawa za a juya kuɗinsu kafin su isa hannun mai kaya, alhali nan ne asarar take.

Kowane canji yana da farashin saye da na sayarwa, kuma a tsakaninsu muke cin abinci, mu da takwarorinmu na can. Alhajin da ya sayi dala a Legas, ya mai da ita riyal a Jidda, ya dawo da ragowar riyal ya nemi naira, sau uku ke nan an gutsuri kuɗinsa. Shi ya sa nake ce wa mai tafiya ya riƙa canza abin da zai kashe a 'yan kwanaki kawai, sauran ya bar su a dala. Mai zuwa Kwatano kuwa ba ruwansa da dala, ya sayi sefa kai tsaye.

Saudiyya da Dubai suna da sauƙi guda: an ɗaure kuɗinsu da dala. Riyal 3.75 ne a dala ɗaya tun 1986, dirhami kuma kusan 3.67. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi a kansa, da wuya a yi masa wayo. A filin jirgi farashi ya fi tsauri, don haka kuɗin mota da na layin waya sun isa, sauran sai an shiga gari.

Takardar kanta ma abin dubawa ce. 'Yar dala ɗari mai shuɗin zare, wadda ta fito a 2013, ita ake karɓa ba musu. Tsohuwa mai ƙaramin kai, ko wadda ta yage, ko ta sha tawada, a wurare da yawa sai a rage mata daraja ko a ƙi ta. Yana ba ni takaici ganin wasu abokan sana'armu na buga hatimi a jikin kuɗi, domin matafiyi ne ke biyan wannan ɗabi'a a ƙasar da bai san kowa ba.

Batun kati ya fi rikita iyayenmu mata. A 2022 bankuna da dama sun hana katin naira aiki a waje, a 2025 wasu suka dawo da shi da iyaka, saboda haka a tambayi banki kafin a tashi. Katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali. Na'urar ATM ta waje takan caji kuɗi a kan kowace cira, komai ƙanƙantarta, ga kuma cajin bankinka na gida. Cira ɗaya mai kauri ta fi biyar ƙanana araha. Idan na'urar, ko POS na kanti, ta tambaya da wane kuɗi za a caje ka, zaɓi kuɗin ƙasar da kake. Nakan ce, "Hajiya, in kin ga riyal, danna riyal." Ɗaya zaɓin yana bai wa mai na'urar damar yanka nasa farashin, kuma kusan kullum ya fi tsada.

Akwai kuma kwastan. Doka ta ce wanda ya ɗauki tsabar kuɗi fiye da dala 10,000 ya bayyana su a filin jirgin Murtala Muhammed. Bayyanawa kyauta ce, fom ne za ka cike. Ɓoyewa kuwa tana iya kai mutum kotu, a ƙwace jarin da ya yi shekaru yana tarawa.