Ɗakin da Inna ta zaɓa a Bahra

Wata bakwai Inna ta yi a gidana kafin na gane cewa ba ta shiga banɗaki da safe sai maigidana ya fita aiki. Shiƙƙarmu, wato sashen da muke zaune, ɗaki biyu ce da falo, a hawa na uku, cikin wata imara, wato gidan bene, marar lif a unguwar Safa ta Jidda, kuma ba a isa banɗakin sai an ratsa falo. Da asuba takan yi alwala da buta a ɗakin yara, cikin wata roba da take turawa ƙarƙashin gado, sannan ta zauna kan darduma tana jan carbi har ta ji an rufe ƙofa ƙarfe bakwai da rabi. Autata ce ta tona, ita ma ba da gangan ba. Tsohuwa mai ciwon suga, mai shan ƙwayar hawan jinin da ke tara fitsari, tana zaune tana daurewa don kada suruki ya ga wucewarta.

Da na yi mata magana sai ta ce, "Ke, rufa min asiri." Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa faɗar sunana ba, daga "ke" sai "'yar nan". Bayan kwana biyu, muna tsince shinkafa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ki nemo min ɗaki a ribaɗi."

Na ji kamar ta mare ni, don ribaɗi gidan sadaka ne na marasa kowa.

Inna ta zo Jidda daga Kano a 1979 tana amarya, Baba yana ɗinki. A Gulail aka haife mu, a can Baba ya rasu, a can ta ci gaba da zama ita kaɗai cikin ɗakuna biyu na haya, tana suyar gyaɗa tana ƙullawa a leda. Ba ta taɓa cewa kaɗaici ya dame ta ba, don in ta yi tari mai ƙarfi maƙwabciya sai ta leƙo. Daga ƙarshen 2021 aka shiga rusau a unguwannin Jidda: Gulail, Bitrumin, Karantina, Sabil, Kandara, Hindawiyya da sauransu da dama. Aka rubuta "ikhla" da jan fenti a bangonmu, wato a tashi. Diyya ta masu gida ce, mu 'yan haya kayanmu kawai muka kwasa. Maƙwabtan shekara arba'in suka watse cikin makonni, wasu Makka, wasu Harazat, wasu Bahra, wasu suka haƙura suka koma Najeriya da Nijar.

A al'ada gidan ɗa namiji ya kamata ta tafi. Ƙanena yana aiki a Riyad, iƙamarta ma, wato takardar izinin zamanta, a ƙarƙashinsa take. Amma tun da aka ɗora kuɗin murafiƙai, wato iyalan da ke ƙarƙashin baƙon ma'aikaci, a 2017, riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020, sai ya mayar da matarsa da yara Kano, shi kuma ya koma masaukin kamfani. Na Inna kaɗai yake biya. Ya sha cewa ta bi su Kano. Ta ce mijinta yana kwance a nan, ita kuma ba ta yi shekara arba'in tana jin ƙamshin Makka ba don ta je ta mutu a Kurna.

Haka ta faɗo gidana, gidan suruki. Maigidana bai taɓa nuna mata komai ba sai girmamawa, har durƙusawa yake yi ya gaishe ta. Ashe durƙuson ma nauyi yake ƙara mata. Ba ta cin abinci in yana gida, ba ta ɗaga murya, ba ta sauka ƙasa saboda gwiwa. Matar da a da take zagaye Gulail da ƙafa ta koma ba ta wuce tagar ɗakin yara.

Na fara bincike ina jan ƙafa, ina fatan in dawo in ce mata babu. Gidajen tsofaffi na gwamnati, waɗanda ake kira Darur Ri'aya, na 'yan ƙasa ne da suka kai shekara 60 kuma ba su da mai kula da su, don haka ba namu ba ne. Ko da namu ne ma, ba abin da take nema ba ne. Ba jinya take so ba. Tana girki, tana wanka da kanta, ita ke yi wa kanta allurar insulin. Ƙofa take so ta kanta.

Ribaɗi kuwa tsohon abu ne a Hijaz. Wani mai hali ne zai gina gida ya yi waƙafinsa don matalauta, ko gwauraye mata, ko baƙin da suka zo aikin hajji suka zauna. Akwai su a Makka da Madina da Jidda, wasu an keɓe su ga mutanen wata ƙasa. Kowace tsohuwa da ɗakinta da tukunyarta, ba a biyan haya. A bakin mutanenmu dai kalmar tana da ɗaci. In aka ce wance tana ribaɗi, an gama cewa ba ta da kowa.

Wata Asabar na ɗauke ta a mota muka nufi wajen Balad, tsohon cikin garin Jidda, inda wata ƙawar surukata ta yi mana hanya. Ba zan faɗi sunan wurin ba. Na tafi da takarda a jaka, na jera tambayoyi: mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), wuta, ruwa, likita, mai gadi. Tun daga zaure na fara cika takardar da aibu. Matakala uku masu tsawo kafin tsakar gida. Wayoyin lantarki sun yi saƙar gizo a jikin bango, ga tukwanen gas a cikin ɗakunan kwana. Banɗakuna na tsuguno ne, na haɗaka, daɓen yana da santsi. A wani lungu an jibge buhunan shinkafa da katan-katan na dabino tun na azumi, har wasu sun fara ƙwari. Wata mazauniya ta ce haka abin yake, a Ramadan sadaka har ta yi yawa, bayan sallah sai ƙafa ta ɗauke.

Ina ta rubutu, na waiga ban ga Inna ba. Can na same ta zaune a bakin wani ɗaki, an ɗage labule, ita da wata tsohuwa Babarbariya suna shan shayi kamar sun shekara da sanin juna. Ko kallon wayoyin ba ta yi ba. Takalman ƙofar ɗakuna ta ƙirga, ta ga a ƙofa ɗaya akwai ƙafa huɗu, ta gane ana shiga wajen juna. Sannan ta nuna ɗakin da aka ce babu kowa ta yi tambayar da ba ta cikin takardata.

"Mai ɗakin nan rasuwa ta yi?"

"Rasuwa ta yi."

"Yaushe kuka sani?"

Tsohuwar ta ce kafin azahar, don ba ta fito shanya ba, kuma ba a ji rediyonta ba. Inna ta gyaɗa kai ta ce, "To, da mutane a gidan."

Na daɗe ina juya wannan magana. Ni duk tunanina yadda za a yi kada wani abu ya same ta. Ita ta riga ta sallama cewa wani abu zai same ta, abin da take so ta sani shi ne awa nawa za a yi kafin a leƙo.

Ba mu samu ɗakin ba. Nazirin waƙafin, wato mai kula da shi, dattijo mai sanyin magana, ya tambaya ko tana da 'ya'ya, muka ce biyu. Ya ce wanda ya yi waƙafin ya rubuta cewa na matan da ba su da mai ciyar da su ne, kuma malamai sun ce sharaɗin mai waƙafi kamar nassin shari'a yake, shi ba zai iya canzawa ba. A waje wata mata ta ja ni gefe ta ce in je wani ribaɗin in ce gwaggona ce da ba ta taɓa haihuwa ba. Na faɗa wa Inna a mota, don in ji ta bakinta. Ta juyo ta dube ni ta ce, "In ce ban haife ku ba saboda ɗaki?" Daga nan har gida ba ta ƙara magana ba. Gaskiya ta nazirin ce, kuma na ji kunya da har na saurari matar. Akwai wadda ke jiran ɗakin nan da gaske ba ta da kowa.

Hanya ta buɗe ne ta wani saƙon murya a WhatsApp. Huɗu daga cikin maƙwabtanta na Gulail sun haɗa kuɗi sun kama gidan sha'abi a Bahra, a tsohuwar hanyar Jidda zuwa Makka. Gida ne na ƙasa, ɗaki huɗu da tsakar gida. Ta huɗunsu ɗanta ya zo ya tafi da ita Sakkwato, ɗaki ya zama fanko, haya ta yi wa sauran nauyi. Wadda muke kira Goggo mai waina ce ta aiko: "Ki ce wa tsohuwarki ta zo ta gani."

Wannan karon sau uku na je, kuma ina ba duk mai irin matsalata shawarar kada ya tsaya a zuwa ɗaya. Na farko da rana tsaka, don in ji zafin ɗakin. Mukayyif ɗin taga ne, tsoho, yana ruri amma yana sanyaya. Na biyu bayan isha'i, don in ga hasken lungu da irin masu zama a bakinsa. Na uku ban sanar ba, na faɗa musu da hantsi. Na tarar da kwanuka ba a wanke ba, ana gardama kan wadda ta bar famfo a buɗe. Hankalina ya fi kwanciya da wannan fiye da ranar da aka share gida aka kunna turare don zuwana.

Na duba gindin bango ina neman shatin ruwa, don duk wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 ba ya shiga gidan ƙasa bai duba ba. Dokin ƙofar yana da tudu, bangon a bushe. Ruwa na tanki ne, in ya ƙare a kira wayit, wato tankar ruwa, a raba kuɗin huɗu. Na nemi ganin kwantiragin haya, na ga an yi shi a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, da sunan ɗan ɗaya daga cikinsu, wanda ke zaune layi biyu daga gidan. Wannan ya ba ni tsoro kaɗan, don in iƙamarsa ta samu matsala ko ya bar ƙasar, tsofaffi huɗu sun rasa madafa. Mun zauna da shi, muka yi magana a gaban mai gidan. Na bi hanya da mota zuwa mustausaf, wato ƙaramin asibiti, mafi kusa, na shiga na tambaya ko suna karɓar inshorar Inna. Na rubuta 997, lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar, da manyan baƙaƙe na manna a jikin firij, da kwatancen gidan da Larabci, don in an ruɗe Larabcin tsofaffinmu guduwa yake yi.

Aibin gidan ba ɓoyayye ba ne. Babu mai aikin jinya, babu namiji da dare. Mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura sittin. Banɗakin tsuguno ne, sai da na sayo kujerar da ake ɗorawa a kai, na sa aka kafa ƙarfen dafawa. Daga Safa zuwa can, in hanya ta cushe, sai in kusa awa guda, kuma Allah ya sa tun 2018 mata suna tuƙi, da ban san yadda zan yi ba. Ga shi ɗaya daga cikin matan suna da tsohuwar jiƙaƙƙa da Inna kan wani adashe da aka yi tun ina makarantar firamare. Na tuna mata. Ta ce, "Gara wadda na san halinta."

Ƙanena ya kira daga Riyad yana faɗa, wai me mutane za su ce. Daga Kano saƙonni suka yi ta shigowa, wata gwaggonmu har da kuka, tana cewa aljanna tana ƙarƙashin ƙafar uwa ni kuma na ɗauki ƙafar na kai Bahra. Wanda ya fi ba ni tausayi maigidana ne. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Don Allah in wani abu na yi wa Hajiya ki faɗa min." Na rasa yadda zan fahimtar da shi cewa laifinsa kawai shi ne ya auri 'yarta. Daga baya shi ya ɗauki nauyin rabin hayar, ya kuma sa aka canza mata mukayyif, amma ya roƙe ni kada in faɗa mata daga wajensa ne.

Mun yi da ita za a gwada wata uku. In ta faɗi ko sugan ya rikice, za ta dawo, ba musu. Ta ce to, irin "to" ɗin da na san ba ta kai zuci ba.

Juma'ar farko na je da yara bayan la'asar. Tun daga lungu muka jiyo muryarta tana yi wa wani yaro faɗa kan ƙwallon da ya faɗo musu tsakar gida. Rabona da jin wannan murya tun Gulail. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta zubo ɗanwake da mai da yaji, ta ce na rame. Na duba firij, insulin yana nan a jikin ƙofa, na ƙirga alluran sun yi daidai. Makullin ɗakin yana rataye a wuyanta da igiyar zane.

Da za mu tafi na ce ta ba ni ɗayan makullin in riƙe, saboda tsaro. Ta ce yana wajen Goggo mai waina, ita ce kusa. In ina so, akwai mai yankan makulli a bakin titi kusa da mai burodin tamis, in je in yanko nawa, amma in dawo mata da nata kafin magariba.