Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kaki ko Farar Riga

A makon jiya na tsaya ne a inda sakamakon JAMB ya fito, makina bai kai na likitanci ba. Shekarar 1990 ke nan, ba a daɗe da rasuwar Malam, mahaifina, ba. Wasunku sun ce in fara ba da labarin auren Yaya Babba. Ku yi haƙuri, maganar shiga soja ce ta tokare mini a rai.

Kawu Saje ne ya kawo maganar soja gidanmu. Da shi aka yi yaƙin basasa tun daga 1967 har aka gama a 1970, ya dawo da igiya uku da ɗingishi. Mahaifinsu kuma ɗan Boma ne, don haka a dangin Inna kaki gado ne. Ya zo wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya sa na jingina da bangon zaure, ya ɗauki gawayi ya ja layi a saman kaina. Sannan ya ce in jiƙa ƙafa in taka daɓen siminti, ya duƙa yana duban sawun, wai ya ga ko tafin ƙafata shimfiɗaɗɗe ne. Da ya miƙe ya ce, "Ɗan nan, za su ɗauke ka. Kaki ba ya hana karatu. Ka shiga ka ci albashi, in ka kwana biyu ka nemi izini ka tafi jami'a, likitan ai ba gudu zai yi ba."

Kafin ya rufe baki Baffa ya ce madalla. Baffa da bai taɓa tambayar ajin da nake ba, ranar shi ne mai sa albarka. Gonar Malam tana hannunsa, audugar bara shi ya kai kasuwa a Funtuwa, ba mu ga ko kwabo ba. In na tafi bariki wa zai tambaye shi? Ban ce komai ba, don a gidanmu yaro ba ya ɗaga ido a gaban ƙanin ubansa.

Inna tana tankaɗe na shiga na gaya mata. Ba ta ajiye rariyar ba. Ta ce, "Wanda ya saba da ƙarshen wata ba ya komawa aji." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Ni kuwa gaskiya kakin ya shiga raina. Mu biyar ne a ɗakin Inna, ni ne namiji babba, karatun likita kuma shekara shida ne in komai ya tafi daidai. Abokina da muke zama benci ɗaya tun firamare ya riga ya yanke shawara, kullum yana gudun asuba a hanyar Zariya don ya saba da gwale-gwale. Kawu da kansa ya haɗa ni da wani hafsa likita a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna, yana tsammanin zai ƙara mini ƙarfin gwiwa. Mutumin ya juya bayan takardar rubuta magani ya ja layi uku. Na farko Daffo ta Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji: ka shiga kurtu, ka yi wata shida, a tura ka inda aka ga dama, izinin karatu kuma sai ka yi shekara da shekaru, sai kuma na sama da kai sun yarda. Na biyu NDA, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna: shekara biyar, ka fito da digiri da anini a kafaɗa, amma ba a koyar da likitanci a can. Na uku shi ne wanda shi ya bi: ka gama karatun likita, ka yi shekarar horo a asibiti, ka yi bautar ƙasa, sannan ka nemi shiga ta gajeren kwas na masu digiri, a ba ka horo na 'yan watanni ka fito hafsa. Ya ce, "Ƙanena, in likita kake so ka zama, fara da shi. Kemistiri da fizis ɗin da ke kanka yau, bayan shekara uku a bakin daga ba za ka same su ba."

Maganar Inna ce dai, ya faɗe ta da harshen 'yan boko.

A watan Agusta na shekarar aka tura dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, zuwa Laberiya. Inna da ba ta damu da rediyo ba sai ga ta tana zama kusa da akwatin da magariba tana sauraron BBC, in an ambaci Manrobiya ta dube ni. Abokin nawa daga baya an kai shi can, aka kuma kai shi Saliyo. Allah ya dawo da shi lafiya, ya sayi fili, ya yi aure, ni ina nan ina fama da gawa a ɗakin koyon sassan jiki, yajin aikin malaman jami'a na 1992 da na 1996 sun mayar da shekara shida abin da ya fi haka. Duk sallah sai Baffa ya nuna mini rufin kwanon gidan abokin nawa ya ce, "Ga sa'anka can." Shi ma abokin nawa ya shiga da niyyar karanta harhaɗa magunguna. Ya taɓa sayen takardar JAMB, ranar jarrabawa yana bakin aiki. Da ya yi ritaya na tambaye shi, ya yi dariya ya ce yara huɗu da ƙarshen wata sun fi ƙarfin aji. Ban gaya masa Inna ta riga shi faɗa ba.

Baffan nan kuwa, da ciwon suga ya kwantar da shi, ɗakin da nake dubawa aka kawo shi. Yana gaya wa na gadon kusa da shi, "Ɗana ne, ni na riƙe shi." Na duba ƙafarsa, na rubuta allura, na biya kuɗin da hannuna. Har ya bar duniya maganar gona ba ta fito daga bakinsa ba. Wasu a dangi suna cewa in bar tone-tone tunda ƙasa ta rufe masa ido. Na yafe masa, amma 'ya'yana za su san wanda ya biya kuɗin karatuna.

Inna ce ta biya. Ta sayar da tumakinta biyu da kwallayen jerenta, ta roƙi a ba ta ɗaukar farko a adashin unguwa, na tafi Zariya na yi rajistar IJMB, karatun share fagen shiga jami'a. Takardar neman shiga soja da Kawu ya kawo, a cike take har da hoto, na mayar masa da hannu biyu ina durƙushe. Ya karɓa ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce, "Uwarka ta mayar da kai mace." Daga ranar in na gaishe shi sai ya amsa da ka, har sai da na shiga aji uku, lokacin da tsohon raunin ƙafarsa ya tashi ya aiko a kira ni.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda na yi zaman Samaru ba ni da ɗaki, da wanda ya ba ni tabarma.