Layin Wucewa Ba Wurin Zama Ba Ne

Abin da ke ba ni haushi a babban titi mai layi uku shi ne direban da zai kafe a layin wucewa yana tafiyar hawainiya. Na bayansa ya gaji, ya ratsa ta ɗaya gefen, inda madubi bai cika nunawa ba, musamman na tirela.

A Jamus doka ta ce ka riƙe dama, ka wuce ta hagu, ka koma. Ingila kuwa akasin haka ne, tunda hagu suke bi, kuma tun 2013 ɗan sanda na iya cin tararka fam 100 nan take idan ka tare layin tsakiya babu dalili. Ni dai sai na hango motar da na wuce gaba ɗayanta a madubin ciki, sannan in kunna sigina in koma.