Daren da Hannuwana Suka Riga Ni a Biyana

Aiki ne ya kai ni Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, a cikin wani watan Nuwamba, kuma ban bar gida da niyyar shiga zauren kiɗa ba. Na tashi daga Abuja, na sauya jirgi a Istanbul, na sauka cikin wani sanyi mai ratsa ƙashi wanda hunturunmu bai kama ƙafarsa ba. Da aka rufe taron da ya kawo ni, sai ɗan yayata da ke karatu a can ya ce, "Kawu, wanda ya zo garin nan bai shiga Musikverein ba, kamar wanda ya je Kano ne bai leƙa kasuwar Kurmi ba." Ban yi masa gardama ba, domin kwana biyu suka rage mini kuma ba ni da abin yi.

Mun fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Karlsplatz, muka taka kaɗan zuwa ginin Musikverein, shahararren zauren kiɗan birnin, wanda aka buɗe a 1870 bisa zanen Theophil Hansen, ɗan asalin Denmark. Babban ɗakinsa, da suke kira Zauren Zinariya, yana da kujeru fiye da 1,700, sannan a can baya akwai wurin tsayuwa na mutum kusan 300, inda ɗalibai da baƙi irina suke cunkusuwa saboda arahar tikitinsa. Muna ba da manyan rigunanmu ajiya, yaron ya miƙo mini takardar shirin daren, ya yi mini huɗuba kamar shi ne babba. Ya ce kowane kiɗa a nan kashi-kashi yake, kamar zangon matafiya, ana yada zango uku ko huɗu kafin a isa, kuma idan makaɗa suka tsaya a tsakani ba a tafa musu. "Ka ƙirga zangon, Kawu, kuma ka sa ido kan mai sandar nan da ke jagorantarsu. Sai ya sauke hannuwansa ya juyo ya fuskanci jama'a sannan ka tafa." Tun daga lokacin na laƙaba wa mai sandar suna madugu.

Kiɗan farko ya rikita mini lissafi. Na Mendelssohn ne, Bajamushe mai tsara kiɗa, wanda ya tsara wa gogen Turawa guda ɗaya da sauran makaɗa suna mara masa baya, aka fara kaɗa shi a 1845. Takarda ta ce zango uku ne, na shirya yatsuna, amma ban ji inda aka tsaya ba. A daidai wurin da zango na farko ya ƙare da ƙarfi, wata doguwar sarewar katako mai kaurin murya ta riƙe sauti guda ta ƙi saki, har ta sadar da mu cikin na biyu ba tare da an bar wa kowa ƙofar da zai sa hannu ba. Ina nan ina jiran a ce an gama na ɗaya, sai na ga madugu ya juyo, zaure ya kaure da tafi.

Bayan hutu aka shiga simfoni (wato dogon kiɗa na taron makaɗa) na shida na Tchaikovsky, mutumin Rasha, mai zango huɗu. A nan ana tsayawa sosai, kuma abin da ke cike tsayawar shi ne tari da gyaran murya da motsin kujeru, kamar jama'a sun yi ta tara su ne don wannan lokaci. Na ƙirga na ɗaya, na ƙirga na biyu, na kame hannuwana a bayana. Zango na uku kuwa taken yaƙi ne sak. Ya faro a hankali, ƙahonin tagulla suka shigo, tambura suka amsa, abin ya yi ta hauhawa har na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin takalmina, sannan aka rufe da duka mai tsinka zuciya. Na san sarai cewa uku na ƙirga, amma kafin wannan sanin ya iso hannuwana sun riga sun tafa sau huɗu ko biyar. Ba ni kaɗai ba ne, domin akwai wasu tsiraru nan da can, sai dai tafin ya mutu nan take kamar an watsa wa garwashi ruwa. Wata dattijuwa da ke gabana ta waiwayo ta dube ni daga sama har ƙasa, wani ya yi "shhh", ɗan yayata kuma ya sunkuyar da kai kamar bai taɓa ganina ba. Madugu bai waiwayo ba, hannunsa yana sama.

Abin da ya biyo baya ne ya sa kunyar ta kama ni da gaske. Zango na huɗu kuka ne, gogaye suka ɗauke shi da wata murya mai karyar da gwiwa, kuma an yi shi ne don ya faɗo kai tsaye a kan wancan murnar ya nuna cewa ba ta kai ko'ina ba. Ni kuwa na tsaya a tsakaninsu na yi guɗa a ƙofar gidan makoki. A ƙarshe sautin ya yi ta nitsewa cikin manyan gogaye masu kauri har na kasa gane lokacin da ya ɗauke, madugu ya bar hannuwansa a sama, mutum wajen dubu biyu suka yi tsit na wani ɗan lokaci da ya yi mini tsawo ƙwarai. Tchaikovsky da kansa ya jagoranci kaɗa shi karon farko a St Petersburg a watan Oktoban 1893, kuma bayan kwana tara ya rasu.

A layin karɓar riguna wani tsoho da ya tsaya kusa da mu ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya ce da Ingilishi kada in damu, wurin nan ya sha yaudarar mutane, kuma da shahararren mai tsara kiɗan nan Mozart yana raye da ya gode mini. Ya ɗan buɗe mini bakin zaren, ni kuma na bi shi da karatu a masauki har dare ya raba. Ashe a 1778 Mozart, yana ɗan shekara 22, ya rubuta wa mahaifinsa daga Paris yana alfahari cewa jama'a sun ɓarke da tafi a tsakiyar zangon farko na sabon simfoninsa, kuma da gangan ya maimaita wurin don ya san zai burge su. Don murna, da aka tashi ya je ya sha ƙanƙara mai zaƙi. A wancan zamani shirun jama'a ne abin tsoro ga mai tsara kiɗa, domin alama ce ta cewa abin bai karɓu ba.

Shirun ya shigo ne sannu a hankali, kuma ta hannun masu kiɗan kansu. Abin da Mendelssohn ya yi da sarewar nan dabara ce ta toshe ƙofa. A 1882, a garin Bayreuth na Jamus, mai tsara kiɗa Wagner ya nemi kada mawaƙa su fito karɓar tafi a tsakiyar wasansa na Parsifal, masu sauraro suka ɗauka ya haramta tafi ne gaba ɗaya, har ana ba da labarin cewa shi kansa an taɓa yi masa tsawa da ya yi shewar yabo daga inda yake zaune. Mahler, wanda ya shugabanci gidan wasan waƙa na fadar Biyana daga 1897 zuwa 1907, ya hana masu latti shiga sai an kai hutu, ya yaƙi 'yan tafin haya da mawaƙa ke biya, kuma a kan wasu waƙoƙinsa biyar na makokin yara ya rubuta ƙarara cewa kada a katse su da tafi. Zuwan faifai da rediyo ya ƙara sabar wa mutane da sauraro cikin shiru, kafin tsakiyar ƙarni na 20 abin ya zama al'adar da mai karya ta ke shan harara.

A ganina dattijuwar tana da gaskiya game da wannan kiɗan, amma ba ta da ita game da kowane kiɗa, kuma hararar ta fi laifin girma. Na taso inda makaɗi ba ya sanin ya kai sai an yi guɗa a tsakiyar baiti, an taso ana manna masa kuɗi a goshi, saboda haka ina jin zafin a ce mutum ya zuba gumi na minti ashirin a saka masa da tari. Su kansu Turawan ba baki ɗaya suke ba. A gidan wasan waƙa ana tafa wa mawaƙiya da zarar ta sauke waƙa mai wuya, kuma a wannan zaure na zinariya, ranar 1 ga Janairun kowace shekara, madugu yakan juyo ya fuskanci jama'a yana ba su umarnin tafi da sandarsa a kan taken Radetzky, yana nuna musu inda za su sassauta da inda za su ƙara.

Washegari na roƙi yaron ya kai ni wurare biyu. Na farko otal ɗin Sacher, wanda ke tsaye a inda gidan wasan da aka fara kaɗa simfoni na tara na mai tsara kiɗa Beethoven a 1824 yake a da, ranar da aka ce wata mawaƙiya ta juyo da shi don ya ga tafin da kunnensa ya daina ji. Na biyu tsohon ginin jami'a, inda yanzu cibiyar kimiyya ta ƙasar take. A zaurensa ne a watan Disamban 1813 aka fara kaɗa simfoni na bakwai na Beethoven, jama'a suka tafa wa zango na biyu har sai da aka sake kaɗa musu shi. Muna tsaye a dandalin, iska tana kaɗa mana kunne, ɗan yayata ya dubi tagogin ginin ya dube ni.

"Kawu," in ji shi, "ashe ba gaggawa ka yi ba jiya, latti ka yi da shekara ɗari biyu."

Na ce masa duk da haka ban manta da yadda ya sunkuyar da kai ya yi kamar bai san ni ba, kuma zan gaya wa mahaifiyarsa da zarar na sauka.