Daga Ɗigon Amoniya Zuwa Buhun Taki

A watan Yuli na shekarar 1909, a birnin Karlsruhe na ƙasar Jamus, masanin sinadarai Fritz Haber ya nuna wa wakilan kamfanin sarrafa sinadarai na BASF wata 'yar na'ura da ba ta fi a ɗora ta a kan tebur ba. Tana haɗa naitirojin da ke cikin iska da haidirojin a cikin zafi da matsi mai tsanani, amoniya kuma tana fitowa ɗigo-ɗigo. Daga wannan ɗigon aka samo takin zamani, wanda masana suka ƙiyasta cewa kusan rabin al'ummar duniya na cin abincin da aka noma da shi a yau.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wahalar da aka sha bayan ganowar. Da Carl Bosch, wani ƙwararren ma'aikacin BASF, ya yi ƙoƙarin mayar da na'urar babbar masana'anta, sai tukwanen ƙarfen suka riƙa tsagewa, domin haidirojin yana cin ƙarfen daga ciki har ya gaggautsa. Dabarar da ta fisshe shi ita ce ya shimfiɗa tattausan ƙarfe a ciki, sannan ya huhhuda bangon waje domin iskar da ta ratso ta samu mafita. Sai a 1913 masana'antar farko ta fara aiki a garin Oppau na Jamus. Wannan tazara da ke tsakanin ɗakin gwaji da kasuwa ita ce inda bincike da yawa ke mutuwa, saboda a nan ne kuɗi ke ƙarewa, mai ba da kuɗin kuma ya gaji da jira.

Masana tattalin arziki sun daɗe da auna ribar wannan jira. A 1957, Robert Solow ya duba ƙaruwar abin da ma'aikaci ke samarwa cikin sa'a guda a Amurka daga 1909 zuwa 1949, ya gano cewa kimanin kashi bakwai cikin takwas na ƙaruwar ya samo asali ne daga ci gaban fasaha, ba daga tara injina da gine-gine kawai ba. Koriya ta Kudu ta yi aiki da wannan fahimta tun tana fama da talauci: a 1966 ta kafa cibiyar bincike ta KIST a Seoul, ta jawo masananta da ke ƙetare gida da albashi mai tsoka, kuma a yau tana kashe kusan kashi 5 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara a kan bincike. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da zarar aljihun gwamnati ya yi rauni, kason bincike ake fara zaftarewa, domin amfaninsa ba ya nuna kafin zaɓe mai zuwa.

Ba zan ɓoye cewa takin nan yana da nasa lahani ba. Sarrafa amoniya na cinye fiye da kashi 1 cikin ɗari na makamashin duniya, galibi daga iskar gas, rarar takin da ruwan sama ke kwashewa daga gonaki kuma tana gurɓata koguna da gaɓar teku. Sai dai maganin ma daga wani tsohon bincike yake tahowa. A 1954 ne masanan cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka suka ƙera ƙwayar silikon da ke mayar da kimanin kashi 6 cikin ɗari na hasken rana zuwa lantarki, kuma tsadarta ta sa ba ta samu kasuwa sosai ba sai a jikin taurarin ɗan'adam, irin su Vanguard 1 da aka harba a 1958. An shafe shekaru sama da hamsin ana gyara ta kaɗan-kaɗan, har farashin lantarkin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Da wannan lantarki mai araha ne injiniyoyi ke raba ruwa a yanzu domin su ciro haidirojin, su zuba shi a cikin irin tukunyar da Bosch ya ƙera, a samu taki ba tare da an ƙona gas ba.