Digirin hulɗar ƙasa da ƙasa, babu Faransanci

Duk ɗan Kano da ya shiga karatun hulɗar ƙasa da ƙasa, da marigayi Ɗanmasani Maitama Sule a ransa yake shiga, mutumin da ya zama wakilin Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1979. A gidanmu tun ina aji ɗaya ake kirana Jakada. Karatun bai ba ni wuya ba, sakamako kuma ya fito da kyau.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne Faransanci. Mun haddace yaƙin cacar baka da kafuwar ECOWAS a 1975, amma babu wanda ya zaunar da mu ya ce ku dubi maƙwabtanmu: Nijar, Chadi, Kamaru, Benin, duk da Faransanci ake rubuta takardun ofis. Hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya ma da Turanci da Faransanci take aiki.

Bayan hidimar ƙasa wata ƙungiyar agaji mai aiki a kan iyaka ta kira ni ganawa a Abuja. Muna tsaka da magana sai matar da ke yi mini tambayoyi ta sauya harshe zuwa Faransanci. Ta maimaita tambayar a hankali, ni dai kallonta nake yi. Ta rufe fayil ɗina cikin ladabi. Wanda aka ɗauka yaro ne da ya yi sakandare a Maraɗi, kuma wallahi ya cancanta.

Aikin Ma'aikatar Harkokin Waje kuwa, ta hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya ake shiga, kuma ba kullum ake buɗe ƙofar ba. Sai na dawo gida na shiga ajin yamma a Alliance Française, cibiyar koyar da Faransanci.

Yanzu ina tare da wani Alhaji mai safarar hatsi a Dawanau. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, motocinmu suka yi cirko-cirko a Jibiya. Kullum da safe sai ya ce, "Malam, me mutanen Yamai suka ce?" Ni nake karanta sanarwar sojojin kai tsaye, in faɗa masa abin da takunkumin da ECOWAS ta sa wa Nijar ya hana da abin da bai hana ba, har aka buɗe a Maris ɗin 2024. A nan na ci moriyar digirin, amma da ƙarfin Faransancin da na koya a makare.

Ƙanina, in wannan fanni ka zaɓa, ka fara harshen tun aji ɗaya. In kana da Larabci daga Islamiyya, ka gyara shi ya shiga takardar neman aikinka.