Yadda Na Tara Faya-fayan Kiɗan Rok da Yadda Na Koyi Sauraronsu

Tarin kiɗan rok da ke ɗakina ya faro ne daga kaset-kaset ɗin da wani yayana ya bari lokacin da aiki ya mayar da shi kudu, sannan ya ci gaba da ƙaruwa ta hannun 'yan gwanjo da masu sayar da tsofaffin faya-fayan garmaho, kafin zuwan faifan CD da waƙoƙin da ake turawa ta waya. Saboda abin da na samu shi nake saye, tarin ya zama gambiza: Chuck Berry na shekarun 1950 yana jingine da Nirvana na 1991, kuma makaɗan Legas na shekarun 1970 suna kwali ɗaya da na Birmingham. Baƙi kan tambaye ni yadda mutum ɗaya zai so waɗannan abubuwa duka, alhali wasu kamar ruri ne wasu kuma kamar rarrashi, amsar kuwa tana cikin yadda na koyi sauraronsu da yadda na jera su.

Kunnen da ya tashi da waƙar baka magana yake fara nema, domin a wurinmu azancin mawaƙi shi ne kan gaba, kiɗa yana biye. Turancin mawaƙan rok kuwa, musamman na Ingila, yakan nutse cikin ƙarar kayan kiɗa, don haka dole kunnena ya bar neman kalmomi ya koma ga ganga da jita. A nan na lura cewa a yawancin waƙoƙin da suka samo tushe daga buluz, wato kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka, mawaƙi yana faɗin layi ɗaya ne sai jita ta mayar masa, kamar yadda 'yan amshi suke karɓa wa makaɗi. Wanda ya fi bayyana mini wannan shi ne Jimi Hendrix, bahagon da yake juya jitar Fender ta masu dama ya kaɗa da hagu, wanda ya fitar da kundinsa na farko a 1967 ya rasu a Landan a 1970 yana da shekara 27. Sau da yawa abin da jitarsa take faɗa ya fi na bakinsa tsawo da ma'ana, kuma da zarar na fahimci haka sai rashin jin kowace kalma ya daina damuna.

Daga nan na sauya yadda nake jera faya-fayan, na daina bin haruffan sunaye na koma bin silsilar wanda ya koya daga wani. Ƙungiyar Rolling Stones ta ɗauko sunanta ne daga wata waƙar mawaƙin buluz Muddy Waters, wanda kamfanin Chess na birnin Chicago yake buga wa faya-fayai, kamfanin da shi ne kuma ya fito da Chuck Berry, saboda haka waɗannan ukun wuri ɗaya suke a kantata duk da tekun da ke tsakaninsu. Misalin da ya fi burge ni yana ƙarshen kundi na huɗu na Led Zeppelin, na 1971. Waƙar da ta rufe kundin asalinta ta Memphis Minnie ce da Kansas Joe McCoy, waɗanda suka ɗauke ta a 1929 a kan ambaliyar kogin Mississippi ta 1927, da jita da murya kawai. Da ta zo hannun samarin Ingila, an ajiye gangunan John Bonham, mai gangar ƙungiyar, a ƙasan matakalar wani tsohon gida mai suna Headley Grange, aka rataye makirufo daga sama, sai amon ginin kansa ya shiga cikin kiɗan ya ba shi nauyin da ba a samu a situdiyo. Idan na saurari tsohuwar sannan na bi ta da sabuwar, nakan ji abin da aka ƙara na ƙarfi, nakan kuma ji abin da aka rasa, domin fargabar wanda ruwa zai cinye gidansa ta fi fitowa a muryar farko.

Bin silsila ya nuna mini kuma cewa sautin da ake ɗauka baiwa ce daga sama sau da yawa yana da dalili na zahiri. Tony Iommi na Black Sabbath ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham tun yana matashi, ya ƙera wa kansa murfin yatsu na roba, ya riƙa amfani da tsirkiya marasa kauri, daga baya kuma ya sassauta su domin rage zafin dannawa. Sassautawar ta sa sautin ya yi ƙasa ya yi duhu, kuma a kan wannan duhun aka gina babban ɓangare na rok mai nauyi. Shi ma bahago ne, haka Paul McCartney na Beatles da Kurt Cobain na Nirvana, abin da ya sa wani abokina yake tsokanata cewa tarin bahagwai nake yi.

Faifan garmaho na inci 12 yana ɗaukar kimanin minti 20 a kowane gefe, kuma makaɗan shekarun 1970 da wannan ma'auni suke tsara aikinsu. Kundin Pink Floyd na 1973 an ɗinke waƙoƙin kowane gefe da juna ba tare da yankewa ba, don haka tsinko waƙa ɗaya daga ciki a waya yana kashe rabin armashinta. Ramones kuwa, a kundinsu na farko na 1976, sun cusa waƙoƙi 14 cikin ƙasa da rabin awa, kamar masu mayar da martani ga dogayen kiɗe-kiɗen zamaninsu. Ina ajiye su kusa da juna da gangan, ko da yake gaskiya ita ce hannuna ya fi kai wa ga gajerun. Su kuwa Beatles, girmamawar da nake yi musu ta fi yawan sauraron da nake yi musu, ban da kundinsu na 1969 wanda gefensa na biyu ba ya gundurata.

Ɓangaren da na fi daɗewa a gabansa shi ne na Afirka. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, ya zauna a Legas a farkon shekarun 1970, ya yi faifai tare da Fela Kuti a 1971, ya kuma buɗe situdiyo a Ikeja, yayin da McCartney ya ɗauki yawancin kundinsa na 1973 a situdiyon EMI da ke Apapa. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin 'yan gida, irin su BLO da kuma Ofege, ƙungiyar da 'ya'yanta ɗaliban kwalejin St. Gregory's ta Obalende ne lokacin da suka fara. Jitarsu tana da ƙarar da suka jiyo daga waje, gangarsu kuwa ba ta tafiya irin ta Turawa, tana da lanƙwasa da jinkirin da ke sa ƙafa motsi. Faya-fayan da a da ake zubarwa yanzu masu tarawa daga Turai da Amurka suna nemansu da tsada, har wasu kamfanoni sun sake buga su.

Makaɗan Abzinawa na Nijar ba ta hannun 'yan gwanjo suka shigo tarin ba, ta katin waya suka zo, domin haka kiɗansu ya yaɗu a Sahara tun kafin kamfanonin waje su san da su. Bombino na Agadez ya yi kundinsa na 2013 tare da Dan Auerbach na Black Keys, Mdou Moctar kuma, wanda shi ma da hagu yake kaɗawa, ya fitar da nasa na 2021 a kamfanin Matador na Amurka. 'Yan jaridar waje suna yawan kwatanta shi da Hendrix, amma ni a bayan Abdallah Oumbadougou da ƙungiyar Tinariwen, makaɗan Sahara da suka riga shi, na ajiye shi, domin daga can salon yatsunsa da tafin da ke raka kiɗan suka fito, ƙarar lantarkin ce kawai ta aro.

Adana waɗannan kaya a ƙasa mai zafi da ƙura aiki ne na kullum. Faifan garmaho a tsaye ake jera shi, nesa da taga da bangon da rana take duka, domin idan aka kwantar da su kan juna lokacin bazara sukan lanƙwashe, allura ta riƙa tsalle. Da hunturu nakan goge kowane faifai da ƙyalle mai laushi kafin in ɗora shi, kan rikoda kuma da auduga da ɗan sifirit, kaset ɗin da zarensa ya saki in naɗe shi da biro. Wajen saye ba na duba kyan kwali, nakan zaro faifan in karkata shi ga haske, in bi duk wani zane da farce. Wanda farce ya maƙale a cikinsa allura ma za ta maƙale, sai in mayar wa mai shi ko da sunan da ke jiki ya kai na Hendrix.